Kunyar Ɗan Fari a Gaban Masu Awon Yara

Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da duk mai karanta ta. Ni mace ce daga wani ƙauye kusa da Badagishiri, cikin yankin Illela. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A lokacin da abin nan ya faru ina matashiyar matar aure mai yara uku. Mijina manomi ne, da damina yana gonar hatsi, da rani yana garkar albasa da tumatir a fadama. Ni kuma ƙosai nake toyawa, kullum da safe a ƙofar gida, ranar kasuwa in ɗauki kaskona in tafi Badagishiri. Na yi lakwal, wato makarantar boko, ƴan shekaru kafin aure, daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, shi ya sa da hannuna nake wannan rubutu. Kowa a garinmu ya san ni da baki. Ba a taka ni in yi shiru, kuma wanda ya raina mini ƙosai sai ya ji labarin kakansa kafin ya bar wurin. Abu ɗaya ne tak yake ɗaure mini harshe, shi ne ɗan farina.

Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da nake nufi, amma ƴan birni sun fara mantawa, don haka bari in faɗa. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Wannan ita ce kunya, kuma da ita ake gane tarbiyyar mace a gidan miji. Nawa yaron tun da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata, uwar mijina, wadda muke kira Inna, gida ɗaya muke da ita. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi tuwo, ita ce kuma matarsa ta wasa: tana ce masa maigida, yana ce mata amarya, kullum suna rigima wai bai kawo cefane ba. Ni in dole ta kama in ambace shi sai in ce yaron nan, ko mijin Inna. Ba kuma a kan tilas nake yi ba, alfahari nake da abin. Mata suna cewa duk bakina, ta wannan fanni ba a taɓa kama ni da aibi ba.

Amma kada wani ya ɗauka kau da kai rashin gani ne. Da wutsiyar ido na raine shi. Na san watan da ya fara tafiya, na san kalmar da ya fara faɗi. Na san yadda yake zama bayan rumbu yana ƙera motoci da kara, har da ƙofa mai buɗewa, ya kai abin dab da hancinsa yana soka tsinke. Na san in Inna ta yi tatsuniya sau ɗaya, washegari zai maimaita wa ƙannensa har da muryar kura. In na toya ƙosai, wanda ya fi kumbura nake warewa in ce wa ƙanwarsa ta kai wa Inna, ni da Inna kuwa mun san cikin wa zai shiga.

Da ya isa shiga lakwal aka sa shi. Ajinsu cike yake maƙil, yara a kan tabarmi har bakin ƙofa, shi kuma da yake dogo ne mai sanyin hali sai ya tsinci kansa can baya. Shekarar farko ta wuce ba yabo ba fallasa. A ta biyu mushe, wato malamin ajinsu, ya fara ƙorafi wai yaron ba ya kwafar abin da ke jikin allo, wai in an nuna harafi an tambaye shi sai ya yi zuru. Ubansa ya yi masa faɗa, Inna ta ce hassada ce ake yi wa mijin nata na wasa, ni kuwa na ci gaba da juya ƙosai kamar ban ji ba.

Ana cikin haka, bayan an gama girbi, aka yi shela cewa ma'aikata za su zo daga buro, wato ofishinsu, na Illela su auna yaran lakwal, don a gane waɗanda suke buƙatar kulawa ta musamman: wanda ba ya ji sosai, wanda ba ya gani sosai, da wanda fahimta ke yi masa nauyi. Aka ce duk yaron da mushe ya ware, uwarsa ta zo. Nawa yana ciki. Na so in noƙe in bar Inna ta je, amma darakta, shugaban lakwal, ya aiko cewa uwa mahaifiya ake so. Muka tafi tare da Inna, muka tarar an shimfiɗa tabarmi a rumfar da ke tsakar lakwal, mata sun cika ta, waɗanda aka kira da waɗanda suka zo kallo. Shugabar masu awon wata madam ce tashin Yamai, da aka turo aiki yankinmu ba da daɗewa ba. Mace ce mai fara'a da haƙuri, Hausarta kuma ba laifi, sai dai ba a cikinmu ta girma ba.

Awon kashi biyu ne, a yi wa uwa tambayoyi, sannan a gwada yaro. Da aka zo kanmu aka zaunar da yaron a benci gefen madam, ni a gabanta, Inna a bayana, mata sun kewaye mu. Tambayar farko ita ce sunansa. Na sunkuyar da kai. Inna ta faɗa, madam ta yi murmushi ta roƙe ta ta bari uwar ta amsa da kanta. Ta tambaye ni yaushe ya fara tafiya, na ce oho. Yaushe ya fara magana, na ce ban lura ba. Ko in na aike shi yana gane saƙo, na ce ni ba na aikensa. Ko yana hira da ni, na ce a'a. Ko in ya ji ciwo yana rugowa wurina, na ce a'a. Duk amsar da na bayar sai in ji mata a bayana suna ƴar dariya ta jin daɗi, wata ma tana cewa ɗiyar nan akwai kunya. Madam kuwa fara'arta sai raguwa take yi, ta dubi yaron ta yi rubutu, ta dube ni ta yi rubutu. Daga ƙarshe ta ajiye alƙalami ta tambaye ni, a ganina na uwa, ko yaron yana da wayo kamar sa'o'insa. To, me mace irina za ta ce a gaban surukarta da rabin matan gari? Ko ba ɗan fari ba ne, wa zai yabi ɗansa a bainar jama'a baki ya kama shi? Na ja mayafi na ce ai wannan shashasha ne, ba abin da ya sani sai ci. Rumfa ta ɗauki dariya. Inna ta dafa kafaɗata, alamar na fitar da ita kunya, ni kuma na taso ina jin na yi bajinta.

Ban tsaya na ga gwajin yaron ba, don tsayawar ma rashin kunya ce. Inna ce ta ba da labari a gida. An kafa wani allo can nesa mai alamomi kamar yatsu uku, wasu na duban sama, wasu ƙasa, wasu gefe, aka ce ya nuna da hannu inda kowace ta dosa, shi kuwa ya riƙa nuna duk inda ya ga dama. Aka ɗaga masa hotuna, akuya, tulu, keke, ya yi shiru kansa a ƙasa. Inna ta ce ai ladabi ne, an koya masa ba a zuba wa babba ido.

Bayan ƴan makonni darakta ya kira mijina. Ya gaya masa awo ya nuna yaron yana cikin masu nauyin fahimta, ajin da yake ciki ba zai amfane shi ba, ajin da ake koyar da irinsu kuwa sai Ƙonni. Mijina ba mugu ba ne, mutum ne mai duba abin da zai yiwu. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya ce shi ba zai kai ƙaramin yaro Ƙonni hannun baƙi ba, kuma tunda masu ilimi sun auna sun ce babu kai, ba amfanin a bar shi yana zaman banza a aji. Da an yi hutu ya gama lakwal ke nan, ya bi shi garka. Inna ta yi ta zagin madam, ta ce mijinta ya fi duk yaran garin hankali, amma a ƙarshe ta sauko ta ce albasa ma sana'a ce, ba ta kashe kowa ba. Ina bakin murhu ina jin su. Ba wanda ya tambaye ni, kuma bisa al'ada ba wanda ya kamata ya tambaye ni.

Nan ne wahalata ta fara. Abin da na faɗa a rumfa, kowace uwar ɗan fari ta taɓa faɗin irinsa, uwata ma ta faɗa a kan yayana, kuma kowa ya san ba haka ake nufi ba. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai ji ya ɗauka da gaske ba. Ga shi an ɗauka, har an yanke hukunci da shi. Yaran gari suka samu abin tsokana, in ya fito sai su bi shi da shashasha, su ce ai uwarsa ce ta faɗa. Ya daina ƙera motocinsa. Ya daina yi wa Inna gardamar cefane. In na tura ƙosai ta hannun ƙanwarsa sai faranti ya dawo da shi. Sai a lokacin na tuna yana zaune a bencin nan, ko kamu biyu babu tsakaninmu, sa'ad da na buɗe baki. Wallahi na ji zafin da ban taɓa ji ba, ga haushin kaina, ga haushin madam, ga bakin da ba halin in buɗe. Na bi ta bayan fage, na tura ƙanwar mijina ta roƙe shi, ya ce magana ta wuce. Na yi wa Inna shaguɓe, ta yi kamar ba ta gane ba. Masu sayen ƙosai ne suka sha ukubar, don a kwanakin nan ko ƙarin yaji mutum ya nema sai mun yi cacar baki.

Wata ranar kasuwar Badagishiri ina zaune gaban kasko sai na hango shi tafe daga layin masu tabarma, ubansa ya aiko shi. Ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Wannan ba sabon abu ba ne, ya saba wuce ni a hanya, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa a raina yaron ya gado kunya, shi ma yana kau da kai daga uwarsa kamar yadda ake so. Amma ran nan Inna ma ta zo kasuwa, tana tsaye ƴar tazara daga wurina da jan mayafinta da kowa ya sani, tana ɗaga masa hannu tana washe baki. Ya doso ta, fuskarsa na fuskantarta, ya wuce abinsa. Sai da ta ɗaga murya ta tambayi maigidan nata ko gaisuwa ma babu, sannan ya yi turus, ya juyo yana ƙanƙance ido yana lalube, har ya gano inda muryar take. Tsakaninsa da Inna kuwa babu kunya ko ta ƙwayar gero. Na bar ƙosai a cikin mai har ya ƙone. Motar karan da yake kaiwa dab da hanci ta faɗo mini, da allon da ba ya kwafa daga bayan aji, da ƙorafin ubansa cewa a garka sai ya durƙusa goshi ya kusa taɓa ƙasa kafin ya bambance ciyawa da dashe. Ashe yaron nan ba kunyata yake ji a hanya ba, ba ya ganina ne.

A hanyar komawa na gwada wa Inna a kaikaice, na ce anya idon mijinta lafiya. Ta ce in tofar da yawu, yaron da ke zura mata zare a allura. Na gwada wa mijina, ya dube ni da mamakin yau ni ce ke maganar yaron nan, ya ce masu awo ai sun gwada ido, da akwai matsala da sun faɗa. Hutu kuwa sai matsowa yake yi.

Ranar kasuwar Illela na ce zan je sayen wake don na can ya fi yin ƙosai, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Na shiga mota, na sauka, na bar layin masu wake a bayana na yi ta tambayar buron masu kula da lakwal har na same shi. Ni da ke tsayawa in yi sa-in-sa da ƙartin kasuwa, sai ga ni a bakin ƙofar nan ina kai da komo kafin in shiga. Allah ya taimake ni madam tana nan. Ta ba ni kujera, na roƙe ta ta sallami wanda ke ciki ta tura ƙofa. Ta tambaye ni wane yaro nake magana a kai, don yaran da suka auna suna da yawa. Na ce yaron nan na garinmu, ta ce wanne. Na ce dogon nan mai sanyin hali, ta ce har yanzu ba ta gane ba. Na waiwaya na tabbata ƙofa a rufe take, sannan na faɗi sunan. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa furta shi ba. Na ji shi baƙo a bakina, kuma yana fita hawaye suka biyo shi. Daga nan baki ya ɓalle. Na ba ta watan da ya fara tafiya, na ba ta kalmarsa ta farko, na ba ta labarin motocin kara da tatsuniyoyi, da yadda yake tuna wa ubansa wane ɓangaren garka aka ba ruwa wanne ba a ba ba. Na gaya mata abin da na gani a kasuwa. Na ce duk abin da na faɗa a rumfa kunya ce, ɗan farina ne, kuma a cikin yaran da na haifa babu mai kaifin kansa.

Na zata za ta yi mini faɗa, ko ta tsaya kare aikinta. Sai ta dafe goshi. Da ta buɗe baki ta ce dama abin yana damunta, don ƙauye bayan ƙauye tana cin karo da uwayen da ke kushe yaro ɗaya amma su yi bayanin sauran tiryan-tiryan, kuma ta rasa dalili. Ta ce ta san da al'adar, a wajen kakanninta ma akwai ta, amma da yake a birni ta tashi ba ta taɓa kawo wa ranta za ta biyo mace har gaban ma'aikaci ba. Ta ce laifin ba nawa ne ni kaɗai ba, ita ce ta zaunar da ni a gaban surukata da matan gari ta yi mini tambayar da ba ta amsuwa a nan, ita ce kuma ta hana kakar da ta raini yaron magana. Da ya kasa gwajin allon nan mai yatsu, in ji ta, kamata ya yi ta matso da shi ta sake, amma da yake ta riga ta ji maganata sai ta ɗauka umarnin ne bai fahimta ba. Wato amsata ta ɓata awon ido, awon idon kuma ya gaskata amsata. Ban taɓa ganin ma'aikaci ya amsa kuskurensa haka ba, kuma tun ran nan nake ganin girmanta.

Kafin hutu ta dawo garinmu. Wannan karon ba rumfa, a cikin aji ta zauna, uwa ɗaya ke shiga a tura ƙofa, kuma tambayarta ta farko ita ce ko yaron ɗan fari ne, wa kuma ya raine shi. Nawa ta zaunar da shi kusa, ta ba shi hotunan a hannu, sai ga shi yana zayyano su har da abin da ba a tambaye shi ba, wai akuyar nan ciki gare ta. Allon yatsu kuwa daga kusa bai kuskure ba, ana ja da shi baya yana ɓace masa. Ta haɗa mu da likitan ido a Ƙonni, ta kira mijina ta yi masa bayani da kanta. A wannan zuwan ne kuma aka gano wata yarinya da aka wuce a awon farko wai lafiyarta lau, alhali kunnenta ɗaya ba ya aiki, ɗayan ma da ƙyar. Uwarta ta ɓoye ne a rumfa, don kada a ce ɗiyarta kurma ce ta rasa miji in ta girma. Daga nan aka riƙa zaunar da ita a gaban mushe, in zai yi magana ya juyo ya fuskance ta.

Ubansa da Inna ne suka kai shi Ƙonni, ina ni ina rakiyar ɗan fari. Da la'asar suka dawo, yaron da tabarau mai kauri, an ɗaure masa shi da zare ta ƙeya. Inna ta shigo tana bambami, wai ana ɗora masa abin ya juyo ya ƙare mata kallo, ya ce ashe amaryar tasa ta tsufa haka, fuska duk ta yamushe, shi ya fasa auren. Ta ce da ta sani da ba ta raka shi ba. Gida ya kaure da dariya, shi ma ya yi, dariyar da aka daɗe ba a ji ba. A mota kuma, in ji ubansa, tun daga Ƙonni har Tsarnawa har gida bai rufe baki ba, duk allon da ke bakin hanya sai ya haɗa haruffansa. Ya tsaya tsakar gida yana kallon komai, rumbu, kaji, rassan itacen bedi. Da kallon ya iso kaina ya daɗe. Na kau da kai na ce wa ƙanwarsa ta gaya wa mutanen can su zo su ci abinci.

Asirina bai daɗe ba ya tonu, don an gan ni a bakin buro, kuma na dawo daga Illela babu wake. Mata suka samu abin yi. A rijiya ana ce mini uwar mai tabarau, ana tambayata ko gobe goya shi zan yi in kai shi lakwal. Wata tsohuwa ta ce zamani ya lalace tunda uwa ke bin ɗan fari har buro. Na ba kowacce amsa daidai da ita, don bakin nawa ya dawo. Inna ce ta fi damuna, ta ɗauke mini wuta na wani lokaci, daga gaisuwa ba ƙari. Rannan ina tankaɗe sai ta zo ta zauna kusa da ni, ta ja faifai tana taya ni. Ba ta dube ni ba ta ce ita ma nata ɗan farin, wanda ya rasu yana ƙarami kafin a haifi mijina, ta ga alamun ciwo a jikinsa da wuri, amma kunya ta hana ta matsa a nemo masa magani. Muka gama tankaɗen tare.

Maganar barin lakwal ta mutu da kanta. Aka dawo da yaron layin gaba, mushe ya riƙa yi masa manyan haruffa, kafin shekara ta zagayo ya kamo sa'o'insa. Ba zan ce ya fi kowa ba, lissafi yana ba shi wuya har gobe, amma ya shiga kolej ya wuce, yanzu yana karatu a Ƙonni, garin da a da aka so kai shi don wani dalili dabam. In an yi hutu yana dawowa ya shiga garka da ubansa da son ransa. Inna tana nan, ta ƙara tsufa, har yanzu ba su daidaita kan maganar auren ba. Ni ma ina nan gaban kaskona lafiya lau, na gode Allah. Kuma ban koma kama sunansa ba, sau ɗayan nan ne a buro.

Ban zo in zagi kunya ba. Da ita aka raine ni, ina son ta, ita ce ma ta ba yaron nan kakar da ta so shi fiye da kowa. Amma magana ce ta cikin gida, wanda ya tashi da ita ne kawai ke gane abin da ke bayanta. Ma'aikacin da ya zo awo abin da kika faɗa shi zai ɗauka, kuma da shi za a yanke wa yaro zaman lakwal ko barinta. Ƴan'uwana mata, in aka kira ku a kan yaranku ku nemi a keɓe, ku faɗi gaskiya mai daɗi da marar daɗi, in ba za ku iya ba ku tura wadda za ta iya. In kuma aka yi awo zuciyarku ta ƙi shi, kada ku zauna kuna ƙona ƙosai kamar ni, ku koma ku nemi a sake. Ku kuma masu awo, aikinku alheri ne, ba don shi ba da har yau yarona yana lalube. Amma ku duba a gaban wa kuke tambaya, ku duba wa ya kamata a tambaya. In yaro ya kasa gwaji kada ku yi saurin cewa kai ne. Ku duba ido, ku duba kunne, ku duba ko tsoro ne ko ladabi ya rufe masa baki, ku sake gwadawa wata rana, don ɗan kuskuren da kuka yi a rumfa shi yaro zai girma da shi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Abin da na faɗa a rumfa yaron ya ji da kunnensa. Abin da na faɗa a buro bai ji ba, kuma ba ni da bakin da zan maimaita masa. Ƙanwarsa ta ce a Ƙonni yana karanta wannan mujalla. To, kai mai tabarau, in wannan ya iso hannunka ka san kanka. Ƙarya na yi ran nan. Tun kana rarrafe na san kai ba shashasha ba ne, kuma duk kau da kan da nake yi idona yana kanka. In ka zo hutu kada ka tayar mini da maganar nan. Ka gaishe ni daga bakin ƙofa yadda ka saba, ka wuce ɗakin kakarka. Ni zan gane ka karanta.